Gidan da Ba Su Shiga Ba

Autana ya dawo daga Khartum da jaka ɗaya da ƙafafu a kumbure. Bai gama jami'a ba. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, sai wanki a asibiti kowane mako har abin da Allah ya yi. Na riga na binne ubansa da yayyensa biyu, don haka ban yi kuka a gaban likita ba. Na tambayi abin da zai ci da abin da ba zai ci ba, muka hau raksha mai ƙafa uku muka koma gida.

Na ajiye masa angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfar kara da ke tsakar gida, kusa da inda nake yin kisrar sayarwa, wainar dawa mai faɗi marar kauri. Kwanakin farko ba ya magana. Kara kawai yake kallo.

Wata rana da hantsi ina shafa ƙullu a kan ƙarfe, ya ce, "Inna, lokacin da kike yi wa masu yankan riɗi girki a Simsim, me ya fi ba ki tsoro?"

Na ce, "Yunwa."

"Ban da yunwa."

"Mai gona."

Ya yi dariya. Tun dawowarsa ban ji ta ba, sai na ɗaga kai na dube shi.

A nan ya gaya mini wasan da suke yi a Khartum, shi da abokansa uku. Mutum ɗaya zai shirya labari. Shi ya san wurin, ya san mutanen ciki, ya san abin da ke bayan kowace ƙofa. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a labarin ya zama shi. Mai labari ya ce, ga inda kuke, me za ku yi? Su faɗa. In abin mai wuya ne, a jefa ɗan dutse mai lambobi, irin na ludo amma mai fuska da yawa, shi zai nuna an dace ko ba a dace ba. Labari ɗaya sai a yi wata da watanni ana bin sa, zama bayan zama. Kowa ya yi nasa, saura shi. Na baya duk a ƙasar Turawa aka yi su, gidajen dutse da ƙanƙara. Shi na ban tsoro yake so, kuma a nan, a ƙasarmu.

Na ce, "Tatsuniya ke nan. Da gemunka."

"Ba tatsuniya ba ce, Inna. A tatsuniya ke kika san ƙarshe."

"A wannan wa ya sani?"

"Ba kowa."

Na ce aikin banza ne, na ɗaye kisrata. Washegari ni na fara tambayarsa inda labarin ya kwana.

Rubutu yana gajiyar da shi. Ya ce ni zan riƙe masa. Ban yi makaranta ba, amma abin da aka faɗa mini sau ɗaya ba ya fita. Haka muka riƙa yi. Ina aiki, yana kwance, muna gina gida da baki.

Gidan bene ne na jan bulo a tsakiyar gonar riɗi, can bayan Simsim, inda babu bishiya babu gari. Damina ce. Lori ya taso daga Hawata ya kafe a baƙar laka, irin wadda take cire wa mutum takalmi. Fasinjoji sun hango gidan daga nesa. Iyakar abin da yake da shi ke nan da farko, sai dodo da yake so ya saka a rijiya.

Na ce, "Cire dodon. Wa ka taɓa gani dodo ya kashe?"

"To me zan saka?"

"Mutum mai fara'a."

Sai muka yi mai gidan, tsohon ɗan kasuwar riɗi, da farar jallabiya wadda laka ba ta taɓa ta ko da ya ratsa gona. Zai tari baƙi da hannu biyu. Zai dafa musu jabana, gahawarmu, da kansa, da citta, ya yi ta zuba musu, shi ba zai sha ba. Na san irin mutanen nan. Na yi musu aiki.

Autana yana so komai ya faru cikin duhu. Na ce shi dai bai taɓa tsayawa a gona da tsakar rana ba. Lokacin da iska ta tsaya, tsuntsu ya yi shiru, inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka, ka duba gabas ka duba yamma ba kowa, amma kana jin ana kallonka. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya lumshe ido ya ce, "Wallahi, Inna, kin fi ni mugunta." Daga nan muka sa ma'aikata a gonar, suna tsaye da lauje da tsakar rana, ba sa yanka, ba sa zufa, in ka yi musu sallama sai su amsa a tare. Muka sa sautin niƙa da ke saukowa daga saman bene, dutse a kan dutse, ba ya tsayawa. Abin da ke ɗakin saman shi ya fi cin mana lokaci. Mun yi faɗa a kansa. Mun canza shi ya fi a ƙirga.

Ya ce a Khartum suna zana wurin a takarda. Na ce takarda ba gida ba ce. Na ɗebo laka a bayan katanga na gina masa gidan, tsayinsa kamar tulu. Lakar garinmu Gadarif in ta bushe tsagewa take yi, na farko ya rabe biyu. Na kwaɓa wata da ƙaiƙayi da kashin jaki, ya tsaya. Na yi rufin yadda za a ɗaga a ga ɗakuna. Na yi lori, na yi mutane ƙanana.

Maƙwabciyata, matar da muka taso tare, ta shigo ɗibar wuta ta tarar da mu, ga mutum-mutumi a jere, ga shi yana jefa ɗan dutsensa a faifai. Ta ja ni bayan ɗaki.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Duba kika koma yi masa? In malami kike so, ai sai ki faɗa."

Na ce, "Wasa ne."

"Wasa? Yaro yana wannan hali?"

"To me kike so ya yi? Ya kwanta yana jira?"

Ta ɗauki wutarta ta fita. Bayan kwana biyu ta dawo ta zauna, ta ce mai gidan ya kamata a ba shi carbi, masu carbi a hannu kullum sun fi ba ta tsoro. Ɗan nan ya karɓa.

Damina ta wuce, aka yanke riɗi. Ranar da aka yi masa wanki ba ya iya komai, sai washegari. Daga baya washegarin ma ya daina iyawa. Yana kiran abokansa a waya, su ce bayan jarrabawa, su ce bayan kaza. Ban zarge su ba. Hanya ce mai nisa, kuma yara ne. Shi kuma bai gaya musu gaskiyar jikinsa ba.

Ya ce da ni, "Ba na son komai, Inna. In ga fuskarsu kawai in sun hau benen nan."

Ran nan da ya yi barci na ɗauki wayarsa na kai wa maƙwabciyata, ɗanta ya nemo mini lambar dogon nan na cikin abokansa. Na ce, "Ni ce uwarsa. In za ku zo, ku zo yanzu." Na kashe.

Sun zo ranar wata Juma'a a motar safe. Dogon, da wani mai gilashi, da yarinya ɗaya mai ƙaramin jiki da babbar murya. Da suka gan shi, yarinyar ta ce za ta wanke hannu, ta daɗe a bayan ɗaki. Shi ya yi wanka, ya sa jallabiyar sallarsa, wadda ta zame masa buhu.

Bayan azahar na shimfiɗa tabarma a rumfa na ajiye gidan laka a tsakiya da rufinsa. Dogon ya zama direban lori. Yarinyar ta zama ungozoma. Mai gilashi ya ce shi malami ne matsoraci. Ɗan nan ya fara, bai yi nisa ba numfashi ya gaza masa. Ya yafuto ni. Na zauna a bakin angarib, yana raɗa mini a kunne, ina faɗa da ƙarfi.

Na ce, "Lori ya kafe. Ga gida can. Ga tsoho a bakin ƙofa yana ɗaga muku hannu, yana murmushi. Me za ku yi?"

Dogon ya ce, "Gida a tsakiyar daji, mai gida yana murmushi? Hajja, wallahi ƙafata ba ta zuwa. Zan tono motata."

Yarinyar ta ce, "Ka tono me? Kai da ko keke ba ka iya ba."

"A labari na iya. Miƙo dutsen nan."

Ya jefa. Ɗan nan ya leƙa ya raɗa mini. Na ce, "Ka zame ka faɗa a laka, wandonka ya yage." Suka fashe da dariya.

Malami ya ce shi zai hau kan buhuna ya yi addu'a, ba zai sauko ba sai an ga kwalta. Direba ya tambaya ko akwai mace mai shayi a cikin fasinjoji. Ba mu shirya mai shayi ba. Ɗan nan ya raɗa, "Ce akwai." Na ce akwai. Direba ya ce yana son ta da aure. Aka jefa dutse, ta ƙi. Ya sake nema, ta watsa masa ruwan wanke kofi. Ungozoma ta gano akuya a ɗaure a bayan lori, akuya ta tsinke, suka bi ta cikin gona su uku, ba ta wajen gidan ba.

Rana tana tafiya ina kallon ta. Inuwar katanga ta zo ta taɓa tabarma. Na daina jiran raɗa. Na ce, "Hadari ya taso. Macizai sun fito daga tsagar ƙasa. Babu wajen fakewa sai gidan."

Ya matse mini hannu. Babu ƙarfi a matsin. Ya ce a hankali, "Inna, kar ki tura su."

"Ba za su shiga ba. Rana za ta faɗi."

"Haka wasan yake."

Na dube shi. Hawaye ne a fuskarsa, na dariya. Direba yana rantsuwa akuyar nan aljana ce, malami yana cewa shi ya faɗa tun farko. Na koma faɗar abin da aka raɗa mini.

Da aka kira magariba, sun kama akuya, sun iso bakin ƙofa. Tsoho ya ce musu marhaba, ya ce jabana tana kan wuta. Ɗan nan ya ce a tsaya nan, muryarsa ta ƙare. Dogon ya ce, "Kai mugu ne, a nan za ka bar mu?" Suka ce za su dawo da babbar salla su shiga. Da asuba suka bi mota.

Ya yi kwana biyu yana maimaita maganar akuya. Bai kai salla ba.

Sun dawo zaman makoki, su ukun. Rana ta uku, da mata suka ragu, yarinyar ta zo ta durƙusa kusa da ni. Ta ce, "Hajja, ki yafe mini tambaya. Me ke cikin gidan?"

Na so in ce mata, kun ga ƙofa, kuka bi akuya. Ya zo har bakina. Na haɗiye. Na ce ta kira sauran. Na zuba musu shayi, suka zauna a rumfa inda suka zauna wancan karon.

Na gaya musu. Matar tsohon ce a sama. Naƙuda ta kama ta wata damina, laka ta rufe hanya, lori bai fita ba, ta mutu da cikin. Tsoho ya ƙi yarda ta mutu. Bai yi mata wanka ba, bai binne ta ba. Tun ranar damina ba ta ɗauke a gonar ba, ita kuma tana niƙa, don ta ji akwai baƙi a gida. Duk wanda ya ci tuwon garin da ta niƙa ya zama ɗaya daga cikin masu lauje. Ba a kashe tsohon, ba a guje masa. Hanyar fita ɗaya ce, wata mace ta hau ta karɓi dutsen niƙan daga hannunta, ta yi mata wanka, a kai ta makwancinta.

Yarinyar ta ce, "Ungozoma."

Na ce, "Saboda ke ya yi shi haka. Ya ce ya san abin da za ki zaɓa."

Akwai sauran abubuwa, ɗakin ajiya, rijiya, abin da masu lauje za su ce in an tambaye su garinsu. Na faɗa duka, ban rage ba. Aikin da muka yi tun daga shuka har bayan girbi, na gama shi shayinsu bai huce ba. A bakina ya fito kamar labarin rasuwar wata a ƙauye. Ba wanda ya ji tsoro.

Mai gilashi ya cire gilashinsa ya riƙe. Dogon ya ce, "Da mun sani, Hajja, da mun shiga."

Na ce, "Ku sha shayinku. Motar yamma ba ta jira."