Garin da Na Rubuta a Fom

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren maza a cikin garin Bauchi, kuma ban taɓa buɗe littafi ba kafin in zana taswirar jiharmu a allo. Hannuna ya haddace ta. Sai in ɗauki alli in fara daga arewa, in gangaro ta gabas, in yi kwana ta kudu, in dawo in haɗa bakin zanen ina magana da yaran da ke bayana. Ina ji da kaina a kan wannan ɗan abin, ba zan ɓoye ba. Darussan ma sun zauna mini a ka: al'ada, yawan jama'a, ƙaura, iyaka. Nakan ce musu iyaka iri biyu ce, akwai wadda kogi ko dutse ya yi, akwai wadda mutane suka zauna a ofis suka ja da biro. Ƙaura kuma, nakan ce, tana da abin da ke korar mutum da abin da ke jawo shi. Su rubuta, in bi littattafansu da jan biro, a buga ƙararrawa a tashi.

A Ƙofar Wambai aka haife ni, a gidan da mahaifiyata ta gada daga wajen mahaifinta. Ita 'yar unguwar ce kaka da kakanni. Mahaifina tela ne, kekensa na ɗinki a zaurenmu yake, kuma tun yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka ya shigo Bauchi a bayan ubansa mai fataucin fata. A nan ya girma, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Sau ɗaya tak na san ya koma ƙauyen da suka fito, a ƙasar Gombe, ya kwana biyu ya dawo yana ƙorafin ruwansu.

Ranar da zan cike fom ɗin ɗaukar aiki, ina saurayi da sabon gilashin ido, a zauren na zauna na ɗora takardar a gwiwa. Suna, shekaru, makarantun da aka yi, duk na wuce su. Sai na zo layin garin asali.

Na ce, “Baba, garin asali fa, me zan sa?”

Ya tsayar da keken, ya dube ni ta saman kafaɗa kamar na tambaye shi sunansa. Ya faɗi sunan ƙauyen. Na ce yaya ake rubuta shi, ya ce shi da ajami ya san shi, in yi dabara. Na yi dabara na rubuta, ya ci gaba da ɗinkinsa, kuma na ga alamar ya ji daɗi.

Wanda bai san mu ba zai ce wauta na yi, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma a wurinmu idan aka tambayi mutum ɗan ina ne, ba ya faɗin inda aka haife shi. Tsallake kansa yake yi, ya tsallake ubansa, ya je ya ɗauko garin kakansa ya ajiye maka. A layinmu kaɗai akwai mai cewa shi ɗan Borno ne, akwai Bakano, akwai Bakatagume, alhali ungozoma ɗaya ce ta karɓi haihuwarmu duka. Faɗin hakan bai taɓa cin kowa komai ba. A lokacin ma ƙauyen da Bauchi duk jiha ɗaya ce, gwamna ɗaya, albashi ɗaya.

Bayan shekara goma sha tara, wata ranar hutu da safe, aka yi sanarwa a rediyo cewa an yanke gabashin jiharmu an yi sabuwar jiha. A unguwa wasu na murna, wasu na tsaki. Ni abin da ya fara zuwa mini a rai, kuma har yau ina jin kunyarsa, shi ne sai na sake koyon zanen taswira. Satin da aka koma makaranta na zana tsohuwar a allo, na ja layi na raba ta, na goge ɓangaren gabas da tsumma. Na sa yara su buɗe littafi su soke adadin mutanen jiha da ke ciki, tunda yanzu ya zama ƙarya. Har na ce musu su gode Allah, sun ga iyaka ana haihuwarta da idonsu.

Bayan 'yan makonni aka liƙa jerin sunayen ma'aikatan da za su koma sabuwar jiha. Wani abokin aikina ne ya gani ya zo ya same ni a ofishin malamai, ya ce, “Ashe ku ne za ku gudu ku bar mu?” Na ɗauka tsokana ce. Na hau babur na je na duba, sai ga sunana a shafi na uku, an ma rubuta shi daidai, abin da ba su saba yi ba.

Mutumin da fayil ɗinmu ke hannunsa Kirista ne daga kudancin jiha, dattijo mai haƙuri, 'ya'yansa biyu sun bi ta ajina. Ya ɗauko fayil ɗina, ya buɗe shafin farko da ya yi ja don tsufa, ya juyo mini da shi. Rubutuna ne, na lokacin da nake yi wa haruffa ƙafa da wutsiya.

Ya ce, “Malam, ni na san ka. Amma takarda bai san ka ba. Abin da ka gaya masa shi ya riƙe.”

Na ce ban taɓa kwana a garin nan ba, ko hanyarsa ban sani ba. Ya ce ya yarda. Ya rage murya ya ce akwai hanya ɗaya: in kawo takardar mai unguwa da ke shaida cewa mahaifina ɗan Bauchi ne, in haɗa da takardar rantsuwa daga kotu cewa kuskure na yi a fom, in kawo kafin a rufe jerin. Ya ce wasu sun yi, an bar su.

Abin da ya sa na damu ba garin ba ne. Inna ce. A lokacin ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, ga hawan jini. Ni ne ɗanta namiji da ya rage, da ni da iyalina muke zaune tare da ita. Kullum da safe kafin in tafi makaranta ni nake ɓallo mata ƙwayoyin magani in sa mata a tafin hannu, don ita fara da ja duk ɗaya take ganinsu. Ƙanwata tana aure a wata unguwa can bayan kasuwar Muda Lawal, da nata ɗawainiyar. Na kuma san Inna ba za ta bi ni ko'ina ba. Matar da ko asibiti sai an yi kwana uku ana lallashinta.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro “kai” ne, da na fara koyarwa na zama “Malam”. Hira mai tsawo ba ta taɓa haɗa mu ba. Rannan da safe, bayan ta haɗiye maganin, na tsuguna a bakin gadonta na yi mata bayani dalla-dalla kamar ina aji. Ta saurara har na gama.

Ta ce, “Rantsuwa a kan me?”

Na ce, “Cewa Baba ɗan Bauchi ne.”

“Shi ya faɗa maka haka?”

Na ce, “Inna, shekara sittin ya yi a garin nan. Kabarinsa yana nan. In ba ɗan Bauchi ba ne, ɗan ina ne?”

Ta miƙo mini kofin ruwan, ta ce zan makara.

Mai unguwarmu tsoho ne, abokin mahaifina, ya ci goron sunana. Da na je masa ya ce sa hannu ba wuya, amma shi da kunnensa ya sha jin marigayi yana faɗin garinsu a majalisa, ba zai so ya sa hannu a kan abin da zuciyarsa ke ja da baya ba. Ya ce idan dai matar marigayi ta faɗa a gabansa cewa mijinta ɗan gari ne, shi kenan, ya sami madogara, zai sa. Na gane yana neman hanyar taimaka mini ne ba tare da ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Kalma ɗaya ake nema daga bakinta.

Bayan la'asar ya zo, ya tsaya a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu, ni ina gefe. Suka gaisa gaisuwar tsofaffi mai tsawo, aka tambayi jiki, aka tambayi jikoki. Sannan ya ce, “Hajiya, marigayi dai ai ɗan garin nan ne, ko?” Har ya saka mata amsar a baki.

Ina jin ƙarar carbinta.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, shekara arba'in da wani abu na zauna da shi, ban taɓa ji ya ce shi ɗan Bauchi ne ba. Ni ce 'yar Bauchi. Ba zan canza masa gari yana kwance ba.”

Mai unguwa ya dube ni, ya buɗe tafin hannayensa, ya yi sallama ya fita.

Na yi fushi, fushin da ban taɓa yi da ita ba. Na shiga ɗakin na ce, “Inna, kin san abin da kika yi? Tafiya zan yi. Wa zai ba ki magani?” Muryata ta ɗaga har matata ta leƙo daga kicin. Ta ce Allah da ya ba ta ni shi zai ba ta magani. Na ce to zan ajiye aikin. A nan ne ta ɗago kai ta dubi inda take jin muryata, ta ce in na ajiye aikin shekara goma sha tara saboda ita, da yara huɗu a gabana, ba ta yafe ba. Na ce to ta shirya mu tafi tare. Ta ce a ɗakin can na kusa da rijiya aka yanke mata cibi, daga gidan nan kuma za a fitar da ita.

Duk ƙofofin ta rufe su da kanta, tana zaune a bakin gado. Fushin ya kwana biyu ya wuce, kuma babu abin da ya zo ya maye gurbinsa. Na daina jin komai game da maganar. Na miƙa makullin kabad ɗin taswirori ga wanda ya gaje ni. Abokan aiki suka yi mini ɗan bikin sallama da lemo da biskit, aka yi jawabai, na tafa inda ake tafawa. Na koya wa ƙanwata ƙwayoyin, na ɗaura zare a kwalbar na safe don kar a rikita. Ranar tafiya Inna ba ta fito rakiya ba, ba a raka ɗan fari. Daga cikin ɗaki ta ce Allah ya tsare hanya.

Aka tura ni wata makaranta a cikin garin Gombe. Ƙauyen da na rubuta a fom ban je shi ba, ba wanda ya neme ni daga can. Na kama haya, bayan zango ɗaya iyalina suka biyo ni. Na koyi zana sabuwar taswira, ƙarama ce, ba ta da wuya. Na ci gaba da koyar da ƙaura da abin da ke kora da abin da ke jawowa, ban taɓa kawo kaina misali ba. Da farko duk Juma'a nake shiga mota in zo Bauchi in koma Lahadi. Daga baya ya koma sati biyu, sannan ƙarshen wata. Ba wanda ya yanke shawarar hakan, haka kawai ya zama. In na zo, in gaishe ta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, in duba kwalaben magani, in koma zaure in zauna. Ɗakunan da muka bari aka sa 'yan haya.

A shekara ta uku, wata Talata, ina cikin aji wajen ƙarfe goma sha biyu, shugaban makaranta ya aiko a kira ni. Wani direban motar haya ne ya kawo saƙo daga tasha, a 'yar takarda da rubutun mijin ƙanwata. Inna ta rasu bayan sallar asuba. Na karanta, na ninke takardar na sa a aljihu, na koma aji na ce wa yara su kwafe abin da ke allo. Malamai biyu suka ce za su raka ni. A mota suna ta yi mini nasiha, ni kuma ina kallon gonaki. Da muka zo inda aka kafa allon iyakar jihohin biyu na lura an sake masa fenti.

Ana kiran la'asar muka shiga Ƙofar Wambai. Tun da hantsi aka kai ta, ba a jiran kowa da gawa, ni ma na sani. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har cikin lungu, mutane cike. Mai unguwa da dattawan da suka san ni sun shiga masallaci. Wanda ke tsaye yana tarbar jama'a wani magidanci ne cikin sababbin 'yan hayar, mutumin kirki da alama, bai taɓa ganina ba. Ya ga mutum uku da jakunkuna da ƙurar hanya, ya tambayi ɗaya daga cikin abokan tafiyata daga ina, aka ce masa daga Gombe.

Ya ce, “Sannunku da hanya. Ga baƙi daga Gombe, a matsa musu.”

Ya nuna mana tabarmar masu zuwa gaisuwa, ya sa aka kawo mana ruwa. Sannan ya sunkuyo ya ce mini mu ɗan yi haƙuri, ɗan marigayiyar bai iso ba tukuna, in ya zo za a kai mu mu yi masa ta'aziyya.

Abokaina suka dube ni suna jira in yi magana. Na ce masa to, babu komai. Na cire takalmina na zauna.