Shekarar da na hana Inna kaba

Riɗi ne sana'ata. Da dakon buhu na fara a kasuwar Haɗejiya, yau ina da sito biyu da babbar mota tawa ta kaina. In na damƙi riɗi na murza a tafin hannu zan gaya maka ko na Birniwa ne ko na wajen Kafin Hausa, har da yawan yashin da aka zuba masa don ya yi nauyi. Ba a cika cutata ba. Na faɗi haka ne don a san da hankalina na yi wa mahaifiyata abin da na yi mata, ina ganin gyara nake yi.

Tun ina ƙarami, duk kaka in an kaɗe riɗi, Inna ba ta yarda tiyar farko ta je kasuwa. Za ta wanke, ta surfa, ta shanya a tabarma, ta soya a kasko har ya fara tsalle. Sai ta narka mazarƙwaila da ɗan ruwan tsamiya, ta juye riɗin ciki, ta zube a kan tiren da aka shafa wa man gyaɗa, ta murje da kwalba, ta yanka tun da zafinsa kafin ya sandare. Kantun riɗi ke nan, kuma kowace tsohuwa a unguwarmu ta iya shi. Mazubin ne dai babu mai irin na Inna.

Tun ruwa bai gama janyewa daga fadama ba take aikawa a yanko mata kaba. Ƙanin babanmu, mai noman shinkafa a wajen Auyo, shi ke kawowa, rabin hanya a kwalekwale, rabi a bayan babur. Sai ta tsaga, ta rina wata da karan dafi ta yi ja, ta bar wata fara, ta zauna tana saƙa ƙananan kwanduna masu murfi, kowanne bai wuce a tallabe shi da hannu biyu ba. Kowane gida da zanensa. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ba ta taɓa kai kwandon wani gidan wani ba.

Kantun na yara ne. Kwandon kuwa aro ne, kowa ya sani. Yara su cinye, uwarsu ta ajiye kwando, ran da ta sami sarari ta mayar da shi da ƙafarta. Kuma ba a mayar da mazubi fanko. Wata ta sa busasshen kifi, wata sabuwar shinkafa, wata daddawa ƙwaya uku kawai. Inna ba ta buɗewa a gaban mai shi, sai ta tura gefe ta jawo tabarma a zauna. Daga kaka har ƙarshen sanyi ƙofar ɗakinta ba ta rabuwa da takalma. A nan take jin wadda ta haihu, da wanda ruwa ya cinye wa gona, da wanda ya je Legas bai aiko ba. Kwandon da ya ɗauko kifi ba ya komawa kantu, shi ya sa duk shekara sababbi take saƙawa.

Akwai guda ɗaya mai layin ja uku da ba ya dawowa sai ranar Kirsimeti. Na Malama ne. 'Yar kudancin Kaduna ce, aikin koyarwa ya kawo ta garinmu ita da mijinta, ita ta koyar da ni a aji uku kafin in gudu kasuwa. Wata shekara ruwa ya shiga gidajen malamai, suka zauna a gidanmu da 'ya'yansu har ya janye. Tun daga nan suka ƙulla da Inna. Daga baya suka gina nasu a can ƙarshen gari, tsufa ya kama ita da Inna a ƙafa, kwandonta ma sai dai Inna ta aika, haɗuwarsu ta koma sau ɗaya a shekara. Ranar Kirsimeti, in an tashi daga coci, Malama za ta sauka daga adaidaita da kwando cike da cincin.

Tun daga zaure take ɗaga murya. “Hajiya, ashe har yanzu ba ki mutu ba?”

“Ina jiran ki riga ni, in gaji tabaran nan naki.”

“Me za ki gani da shi? Ke da ko sunanki ba kya iya karantawa.”

“Zan ga ko bana ma kin ƙona cincin ɗin.”

Haka suke har rana ta yi sanyi. Ni a lokacin surutun tsofaffi na ɗauke shi.

Shekarar da nake magana, sanyin ƙashi ya kama Inna a yatsu, har sun fara lanƙwashewa. A kakar da ta gabata na ga kaba ta tsaga mata babban yatsa, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Na ce a raina, ina da mota, ina da sito, uwata kuma tana yanka hannu a kan abin da ko a kasuwar ƙauye ba za a taya ba. Sai na kira ƙanin babanmu na ce kada ya kawo kaba bana. Na gaya wa Inna ruwa ya yi yawa, ba a iya shiga inda ake yankan. Ƙarya na yi, kuma ban ji komai ba.

Da na kai kaya Kano na dawo da kwali cike da robobi masu murfi, irin waɗanda ake zuba shinkafar biki a ciki. Akwai wasu takardun mannawa da na buga masu sunan sitona, sun yi saura, na ga bai kamata su lalace ba, na lilliƙa a kan murafen.

Inna ta ɗauki ɗaya ta jujjuya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, Mai sito take ce mini.

“Wannan fa, Mai sito?”

“Roba ce, Inna. Tururuwa ba ta shiga, ba ta yagewa, kuma ba sai an wahalar da kowa wajen dawo da ita ba.”

“Ba sai an dawo da ita ba.”

“A ci a yar. Zamani ke nan.”

“To ta ina zan gane ta gidan wa ce?”

“Duk ɗaya ne. Kantun ai iri ɗaya ne.”

Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce a miƙo mata kasko. Ba ta musu da ɗa a kan abin da ya sayo da guminsa, haka aka tarbiyyantar da ita, ni kuma na san da haka.

Rabon da take kwashe mako biyu tana yi, gida gida, da sandarta, na gama shi da hantsi ɗaya a mota. In tsaya a ƙofa, in danna hon, in miƙa ta taga. A gidan Malama surukarta ce ta fito ta karɓa, ko injin ban kashe ba. Na dawo ina jin na yi abin kirki.

Godiya kuwa na sha ta. A kasuwa ake tare ni. “Alhaji, yara sun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi.” Sunan sitona ne a murfi, ni aka gode wa. Ɗakin Inna mutum biyu ko uku suka leƙa, su ma a tsaitsaye, tunda babu abin da ya kawo su sai gaisuwa. Ba ta yi ƙorafi ba. Na dai lura ta sa an matsar mata da kujera inda take hango zaure.

Ranar Kirsimeti ta sa aka share ɗaki tun da safe, aka fito da sabuwar tabarma, aka dama kunun gyaɗa aka rufe. Na shigo bayan azahar na same ta zaune da mayafinta na fita unguwa. Na dawo bayan la'asar, tana nan. Duk adaidaitar da ta tsaya a layinmu sai ta ɗago kai. Da aka kira magariba ta naɗe tabarmar da kanta, da yatsun nan nata, ta jingine a bango.

Na ce, “Bari in sa a bincika ko lafiya.”

“A'a. Wanda bai zo ba ya san dalilinsa. Ba a tambayar mutum don me bai zo ba.”

Lokacin masu saye ne daga kudu, motoci na layi a ƙofar sito. Ta ce a bari, na bari.

Bayan wata biyu babban ɗan Malama, wanda ke aiki a sakatariya, ya zo neman hayar babbar motata. Babansu ya rasu tun shekarar da ta wuce waccan, ya ce za su mayar da Malama gida cikin danginta. Ranar lodi na je da kaina in duba ɗaurin igiya, don ba na yarda da ɗaurin kowa. Na same ta zaune a kujera ɗaya da ta rage a tsakar gida, jakarta a cinya. Na durƙusa na gaishe ta.

“Yarona. Ka ce wa Hajiya na ga saƙo, na kuma gane. Ba na riƙe ta da komai.”

“Wane saƙo, Malama?”

“Kai ma ka sani. Da can gidaje da yawa nake kai wa abincin Kirsimeti a garin nan. Wasu suka fara cewa sun ƙoshi. Wasu suka karɓa, na gani a gaban kaji. Wata ma ta gaya mini ƙiri-ƙiri an hana su. Ɗaya bayan ɗaya, har ya rage gidanku kaɗai. Da na ga roba, babu layin ja uku, babu hannunta a jiki, sai na ce to, an zo kan Hajiya. Mai kunya ce, ba za ta iya cewa kada in zo ba, shi ne ta aiko da abin da ba a mayarwa.” Ta gyara jakar. “Na soya cincin ɗin fa. Har na ɗaura ɗankwali. Sai na rasa a me zan zuba.”

Na gaya mata komai, yatsun da kabar da ƙaryar ruwa, da tabarmar da aka naɗe da magariba. Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa da bakin zani.

“Tun a aji uku haka kake,” ta ce. “Ka ba da amsa ba a gama tambaya ba.”

Na ce ta shiga ƙaramar motata, yanzu in kai ta wajen Inna in dawo da ita. Ɗanta ya duba agogo, ya ce hanya da nisa kuma ba a son dare ya yi musu a daji. Ita kuwa ta girgiza kai.

“Tun kaka nake zarginta a raina. Da wace fuska zan shiga? Ga komai nawa an ɗaure a mota. Ban taɓa shiga ɗakin Hajiya hannu wofi ba, ba zan fara a ranar ƙarshe ba.”

Ni da nake sa manomi ya sayar mini da riɗin da ya rantse sai bazara zai fitar, na kasa shawo kan tsohuwa ɗaya ta yi tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba. Ina tsaye motata ta ɗauke ta.

A ranar na gaya wa Inna, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

“Aika a kawo kaba,” ta ce.

Kusan wata guda ta yi a kan kwando ɗaya. Ya fito a karkace, murfin ba ya zama daidai, amma layin ja ukun suna nan. Ta yi kantu ba lokacinsa ba, na ba wani direba mai zuwa kudu ya sauke a garinsu Malama. Na kuma gwada haɗa su a waya. Inna kunnenta ya yi nauyi, Malama muryarta na yankewa, kowacce na ta ihun lafiya lau. Inna ta miƙo mini wayar ta ce, “Karɓi abinka. Wannan ai cigiya ce, ba hira ba.”

Kwandon ya dawo. Direban ne ya ajiye shi a sito tare da takardun kaya, na ɗauka na kai mata.

“Ita fa?”

“Tana gaishe ki, Inna.”

Ta buɗe shi a gabana, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Cincin ne, cike har baki, ba ƙonewa ko ɗaya. Ta ɗauki guda ta duba ta mayar.

“Mai sito, da wane haƙori zan ci cincin? Na fi shekara goma ban tauna ko ɗaya ba. 'Ya'yanka nake ba in ta tafi.” Ta tura mini. “Kai musu.”

Da kaka ta zagayo ban aiki kowa ba. Ni na je Auyo, na shiga kwalekwale, na cika bayan mota da kaba mai kyau, na sayo karan dafi, na zube a ƙofar ɗakinta tare da tiyar farko ta riɗi. Ta leƙo daga inda take zaune ta dubi tulin.

“Ka ɗaure buhunanka da ita,” ta ce.

Ba ta ƙara yin kantu ba. Robobin da suka rage suna nan a sito, a ciki nake zuba samfurin riɗi in masu saye sun zo dubawa. Sun dace da wannan aikin, danshi ba ya shiga.