Na Kori Surukata Saboda Tana Ce wa 'Yata "Shi"

Ni kafinta ne a unguwar Jambutu da ke Jimeta, karatuna bai wuce firamare ba, kuma a lokacin ba na jin maganar kowa sai tawa. Shekarar da rikici ya koro mutane zuwa Jimeta, surukata ta gudo daga ƙauyensu ta zauna da mu. Bafulatana ce, muna kiranta Dada. Hausarta irin ta tsofaffin nan ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

'Yata ta fari tana da shekara huɗu. Ba ta kallon 'yartsana, sai ƙwallo da kokawa da satar gudumata. Dada kuwa kullum dariya take yi, tana cewa jikanta ya fi maza ƙarfi. Abokaina na shago suka fara tambayata yaushe zan yi wa yarona kaciya. Wani ya ce bakin tsohuwa ba ya faɗuwa ƙasa, ita ta juya mini yarinya. Na yarda! Na yi wa yarinyar duka, na hana Dada ɗaukarta, daga baya na ce ta tattara ta koma wurin danginta a unguwar Bako. Matata ta yi ta kuka tana cewa ita ma haka uwarta ke kiranta tun tana goye, ban saurara ba.

Da yarinyar ta kai bakwai, gashi ya fara fito mata a jiki, muka je asibiti. Bayan gwaji likita ta ce wani ɗan ƙullutu da ke kan ƙodarta ne yake fitar da sinadarin maza fiye da kima, tun tana cikin uwarta, lokacin da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa. Ta ce irin waɗannan yara sukan fi son wasan maza, amma mata ne, kuma akwai magani. Na tambaye ta ko magana tana iya jawo haka. Ta ce babu wata magana da ke jawo haka.

Dada ta rasu kafin in je neman gafara. Har yau ina jin haushin masu zuga ni, amma na fi jin haushin kaina. Iyaye, in kun ga abin da ba ku gane ba a jikin yaro ko halinsa, ku je asibiti kafin ku nemi mai laifi. Kwanan baya 'yata ta ce mini a gidan nan mutum ɗaya ne bai taɓa jin kunyarta ba, kuma shi na kora.