Lachie Pirie da Ƙofar Garken Rafi

Ranar Talata, 6 ga Agusta, ina tsakiyar darasi matarka Ngaire ta kira ni ta ce ka cika da safe, kana zaune a bakin ƙofa kana sa takalmin roba za ka duba tumaki. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Lachie Pirie, kiwo ka tashi a ciki, a ciki kuma ka tafi.

Ina rubuta wannan da baƙin ciki, amma ba zan ɓoye maka ba, har da jin haushinka.

Shekara da shekaru, duk watan Fabrairu nake kawo ɗalibaina su yi tafiyar yini guda daga garin Piopio zuwa wata bukka da ke kan tudu. Hanyar ta gonarka ta ratsa, kuma babu dokar da ta tilasta maka ka bar mu. Kai ka kafa mana matakalar tsallake shinge da hannunka. Kai kake ajiye mana ruwa a garwa a gindin bishiya. Sau da yawa na roƙe ka mu je a rubuta izinin nan, don ya zauna ko bayan ranka. Kullum amsarka ɗaya ce: "Na ba ki hannu, Malama. Takarda ta fi hannuna ne?"

Tafiyar bana ce ta ƙarshe da muka yi kana raye, kuma ita ta fi wahala. Mun fito da sassafe, rana ta buɗe tun kafin mu gama filayen kiwo. Ƙaya ta cika safar yara. Da muka shiga kurmi sai laka har gwiwa, saiwoyi na harɗe ƙafa, zanzaro ya harbi wata yarinya. Rabin yaran sun daina yi mini magana. Da la'asar muka gangaro gonarka, muka tarar da ɗanka Callum ya gindaya babur ɗinsa a kan hanya.

Abin da ya faru shi ne, wasu matafiya da suka wuce kwana biyu kafin mu sun tarar da ƙofar garken rafi a buɗe, suka rufe ta, a ganinsu taimako suka yi. Kowane yaron ƙauye ya san ƙa'idar: yadda ka sami ƙofa, haka za ka bar ta. Kai ka buɗe ta don shanu su sauka su sha ruwa. Kwana biyu suna tsaye a bakin shinge cikin zafin nan, saniya biyu suka mutu.

Callum ya ce mu juya. Juyawa kuwa na nufin komawa cikin kurmin da yara masu ɗingishi. Sai ga ka a tsohuwar motarka, karnuka a baya.

"Waɗannan ne suka rufe?" ka tambaye shi.

"Duk jirgi ɗaya ne, Baba."

"Dube su da kyau. Waɗannan ko murfin gorar ruwansu ba su iya rufewa."

Yaran suka yi dariya, Callum bai yi ba. Ya ce, "Ranar da gonar nan ta dawo hannuna, kwaɗo zan sa."

Ka ce, "To ka bari in mutu tukuna, gaggawar me kake yi?"

Ba ka lallashi yaran ba. Ka kai su har inda gawar shanun take, ka sa suka tsaya suka gani, sannan ka zuba musu shayi, ka raba musu burodin da Ngaire ta gasa. Yarinyar da zanzaro ya harba ka shafa mata ruwan tsami, ka ce ta taka da ƙafarta, tudun bai taɓa cinye kowa ba. Mun isa bukka kafin faɗuwar rana. A cikin yaran nan babu wanda zai sake taɓa ƙofar gonar wani da ganganci har ya tsufa. Ni da nake da takardun koyarwa ban taɓa ba da darasin da ya shige su haka ba.

Jiya na bi ta wajen. Akwai sarƙa da kwaɗo, an cire matakalar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zan iya cewa Callum bai da gaskiya ba. Shi ya ja shanun nan da tarakta ya binne su. Haushina yana kan baƙin da ba su tambaya ba, yana kuma kanka, dattijo mai taurin kai, da ka ɗauka alkawarin baki zai rayu bayan mai bakin. 'Yan ajin da ke tafe tun yanzu suna tambayata yaushe za su ga Lachie da karnukansa. Ta bakin kwalta za su bi, manyan motocin katako na watsa musu tsakuwa.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya saka maka da kowane kofin ruwa da ka ba matafiyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ngaire, da 'yarku Isla, da jikoki. Callum, kai ma Allah Ya ba ka haƙuri da ƙarfin riƙe gida. Ba zan zo maka da maganar hanya cikin makoki ba. Amma idan an gama haihuwar tumaki zan zo, da yaran, kuma a bakin shinge za mu tsaya har sai ka fito.