Malama Hajara, wadda aka ce ba a san ta ba

Ku yi mini afuwa, 'yan'uwa. Na san kowa da abin da ke damunsa a wannan zamani, kuma ni ba mai yawan rubutu ba ce a nan. Amma labari ya iske ni da safen nan ina tsakar dama koko, na rasa inda zan kai shi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama Hajara ta Lakwaya ta rasu.

Ƙaninta Malam Sale ne ya kira ni. Ya ce, "Yaya Saratu, sai haƙuri."

Tare muka yi karatun allo a zauren mahaifinta, kafin aure ya kawo ni Durun. Shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, ba ta taɓa tsayawa da ƙafafunta ba. Silifas take sawa a hannu ta ja jiki. Duk da haka ta riga mu sauka, ta dawo tana biya mana, tana yi mana dariya in mun ci gyara.

Lokacin da na yi ɓari, ta sa aka ɗauko ta har Durun. Ta zauna a gefen katifata tana karatu a hankali. Kowa ya zo da nasiharsa, ita ba ta ce mini komai ba. Shirun nan nata ne ya fi yi mini amfani.

Ba ta yi aure ba. Da safe tana koyar da yara a gida, da yamma kuma matan aure a wata Islamiyya can ƙarshen gari. Malam Sale ke kai ta a mashin. Da man fetur ya yi tashin da ya yi, mashin ya gagare shi, ya sayar ya sayi taki. Ba laifinsa ba ne, yana da iyali.

Ta gwada zuwa da jan jiki. Kafaɗunta sun tsufa, ga damina. Ta ce mini, "Saratu, ba nisan ne ya dame ni ba. Yaya zan isa da hannu duk taɓo in buɗe Alƙur'ani?"

Sai muka ji a rediyo ana rijistar masu buƙata ta musamman, za a ba su keken guragu da ɗan tallafi. Keken kawai take so. Na ce zan je mata.

Na je ofishin da hotonta da katinta na ɗan ƙasa. Ba zan faɗi wurin ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba, don ba na so in ɗauki alhakin mutum. Na bi layi har na kai ga wani ma'aikaci. Ya dubi hoton ya ce, "Hajiya, kowa ma zai iya zama a ƙasa a ɗauke shi hoto. Sai sarkin guragu ya shaide ta."

Na ce, "Malam, ai ba ta bara."

Ya ce, "Ni dai haka aka ba ni. Na gaba!"

Na nemi sarkin guragu, na same shi a inuwa bisa kekensa. Dattijo ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Muka gaisa sosai, na faɗa masa 'yar gidan wane ce. Ya riƙe baki ya ce, "Ashe Malam yana da gurguwa? Allah ya jiƙansa, ya iya ɓoyo. Ni duk sarautata ban taɓa jin ta ba."

Na ce ko zai daure ya je ya gan ta a gida.

Ya yi dariya ya ce, "Da wace ƙafar, Hajiya? Kuma ba ganina kaɗai ba ne. A wancan karon masu ƙafa biyu suka shigo suka kwashe rabonmu, har da wani da na sani yana buga ƙwallo. Tun daga nan aka rantsar da ni, kada in shaidi kowa sai wanda jama'ata suka gani a cikinsu. Ta zo ranar Juma'a ta zauna a layinmu a ƙofar masallaci. Sau ɗaya kawai. Ba sai ta miƙa hannu ba."

A hanyar komawa raina ya ɓaci ƙwarai. Hukumomin nan ne fa suke cewa a rediyo bara haramun ce ga mai sana'a, abin kunya ce a ƙasar da ake shari'a, har mota ake fitarwa ana kwashe mabarata. To ga wadda ta ji maganarsu tun kafin su faɗa, ta tsare mutuncinta a cikin gida. Da tallafin ya zo, sai aka ce ƙofarsa ta layin bara take.

Na faɗa wa Malama. Ta ce, "Baba har ya koma ga Allah bai taɓa bari an ba ni sadaka don ƙafata ba."

Na ce to mu haƙura.

Ta ce, "Matan nan fa? Da ƙyar mazansu suka bar su suke fitowa. In makarantar ta mutu, ba za a sake barinsu ba. Kira mini Sale."

Ranar Juma'a Malam Sale ya ari mashin ya kai ta masallacin Gwarzo, inda layin yake, ni ma na je. Ta sa farin hijabinta na Idi, an goge shi. Aka sauke ta a ƙarshen layi, wata makauniya ta matsa mata. Ta shigar da hannuwanta cikin hijabi ta sunkuyar da kai. Ni na tsaya can gefe wajen mai gyaɗa, don na kasa matsowa. Malam Sale kuwa ya shige masallaci bai waiwayo ba.

Da aka sallame jama'a suka fito. Wani ɗan garinsu, Auwalu, wanda yanzu yake da shago, ya biyo layin yana rabon sadaka yana waya. Ita ta koya masa Fatiha, ni shaida ce. Ya ajiye mata kuɗi a cinya ya wuce, bai dubi fuskarta ba.

Na ga ta tura wa makauniyar kuɗin da gwiwar hannu.

Sarki ya cika alkawari, ya shaide ta a ranar. Har ya ce mata, "Malama, ki yafe mana." Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baba."

Na koma ofis da shaidar. Ma'aikacin bai ko karɓa ba. Ya ce, "An rufe shafin rijista, Hajiya. Sai wani zagaye."

Na ce yaushe?

Ya ce, "Sai an sanar."

Ba a sanar ba har yau. Makarantar matan ta watse kamar yadda ta faɗa.

Ganina da ita na ƙarshe makon jiya ne. Tana kwance da zazzaɓi, ta rame. Na ɗauko maganar ofis ina faɗa, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bari, kada ki ci naman mutane saboda ni." Can kuma ta yi murmushi ta ce, "Kin san abin da ya ba ni mamaki? An ce in fito a gan ni. Na zauna tun hantsi har aka watse, ba wanda ya dube ni. A ɗakina ma an fi ganina."

Ba na cewa wannan ne ya kashe ta. Kwana ne ya ƙare, kuma Allah ne masani. Amma ta rasu da wannan Juma'ar a zuciyarta, ba ta kuma samu abin da ta je dominsa ba. Wannan kam ba zan iya cewa bai yi mini ciwo ba.

An yi mata sutura da hantsi.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Hajara. Ka sa Alƙur'anin da ta koyar ya cece ta, ka haskaka kabarinta, ka tashe ta a tsaye da ƙafafunta. Ka ba Malam Sale haƙuri. Mu kuma ka cire mana ƙunci, ka sa mu cika da imani. Ku sa ta a addu'a, don Allah.

Roƙona ɗaya ne. Muna so mu yi mata saukar Alƙur'ani kafin addu'ar uku. Duk wadda ta taɓa zama a gabanta, duk wanda ta riƙe wa allo, ya rubuta a ƙasa cewa ya san ta, ya faɗi izun da zai ɗauka. Auwalu, in ka ga wannan, ba ta riƙe ka ba, kai ma ka ɗauki naka.

Don Allah ku amsa mini da wuri, yau ko gobe da safe, in samu in raba.