Ramin Duhan da Kuɗin Ta'amin

Matso kusa 'yar uwa, jawo kujerar nan ki zauna, in gaya miki yadda na rasa gida mai famfo a Hilla Kuku saboda wani rami da zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Na daɗe ina riƙe da maganar a ciki. Yanzu da yaƙi ya watsa mu kowa ya kama gabansa, kuma ba sunan kowa zan kama ba, ina ganin babu laifi.

Shekara shida muka yi muna haya a unguwar Alsawra, a Umdurman ta ƙasar Sudan. Ɗaki biyu ne da rumfa, tsakar gidan ƙasa ce, katanga ɗaya ta raba mu da masu gidan. Alhaji mai gidan, Bahaushe ne irinmu, kakansa ma hanyar Makka ce ta ajiye shi a nan kamar nawa kakan. Fataucin riɗi yake yi, da kaka ta kama sai ya tafi Gadarif ya yi wata ɗaya ko biyu. Ranar da muka shiga, mijina Malam, wanda tela ne a kasuwar Umdurman, ya ba shi kuɗin wata biyu na ajiya ban da na haya. Ta'amin ake ce da shi a nan. In ka tashi ka bar gida lafiya a mayar maka, in ka ɓata wani abu a cire. Alhaji ba ya wasa da lissafi, duk lokacin da ya ƙara haya sai ya sa Malam ya cike ta'amin ya kai daidai sabon kuɗin, a rubuta a bayan takardar haya. Ni karatuna bai kai na karanta ta ba, amma ni nake ajiye ta a ƙasan akwati.

Hajja matar Alhaji ta girme ni nesa ba kusa ba, amma jininmu ya haɗu tun makon farko. Ni ba mai yawo ba ce. In an bar ni da tsintsiyata da gawayina da wanda zan yi hira da shi, sai in yi wata ban leƙa titi ba. Da hantsi take shigowa, in soya gahawa in daka, mu sha muna taɗi har a kira azahar.

Kin dai san duhan, turaren tsuguno na matan Sudan. Rami ake haƙawa a wani lungu, a binne tukunya, a sa itacen ɗalhi a kan garwashi, mace ta shafa mai ta zauna a kai lulluɓe da bargo. Amare na yi don kyau, manya na yi don ciwon gaɓoɓi. Hajja gwiwa ce ke damunta, kuma ta ce babu abin da ke sauƙaƙa mata sai shi. To Alhaji yana da asma. Wata rana hayaƙin ya tayar masa da ciwon har aka kwantar da shi a asibiti. Da ya dawo ya sa aka cike raminta, aka shimfiɗa tayil a tsakar gidan gaba ɗaya, kuma a cikin fushi ya rantse da saki cewa ba za ta ƙara zama a kan duhan ba, in ta ƙara to ta saku. Mazan nan bakinsu ya saba da wannan rantsuwar, a kan kuɗin shayi ma sai su yi ta, amma shi ba mai yawan rantsuwa ba ne, shi ya sa ta tsorata.

A shekararmu ta biyu, bayan ya tafi Gadarif, ta zo tana ɗingishi ta roƙe ni mu haƙa rami a bayan rumfata. Ta kawo tukunya da ɗalhi. Ta sa na yi mata alkawari ko Malam ba zai ji ba. Daga nan duk kaka sai ta zo ta yi zamanta, ta daina mako guda kafin ya dawo don ƙamshin ya sake ta. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na zauna a kai, amma ba sau da yawa ba, don zafinsa na sa ni jiri. Malam ya ga ramin, ya ɗauka nawa ne. Bangon wurin kuwa a hankali ya yi baƙi har sama.

Sai ga ɗan Alhaji zai dawo daga Saudiyya ya yi aure, ana son gidan. An ba mu wata biyu, ba a cuce mu a nan ba. Samsar, wato dillalin gidaje, ya samo mana wani a Hilla Kuku, layi ɗaya da yayata, da famfo mai kawo ruwa a tsakar gida. Ya ce mai gidan na son ta'amin ɗinsa zuwa Alhamis, in ba haka ba akwai mai jira. Mu kuwa ba mu da wani kuɗi sai wanda ke hannun Alhaji.

A nan muka yi kuskure. Muka kwashe kaya ranar Juma'a muka kai gidan yayata, Malam ya miƙa wa Alhaji makulli a ƙofar masallaci, suka yi fatiha suka rabu. Ba su zaga gidan tare ba. Malam ya ce kunya yake ji ya ce wa dattijo zo ka duba, kamar ana zargin juna.

Ranar Litinin Malam ya je karɓa, Alhaji ya ce babu ko sisi. Wai an haƙa masa gida, an ƙona masa bango, ga ƙofar bayi ta ruɓe, ga rufin rumfa na yoyo. Malam ya dawo ya zauna ya ƙi cin abinci.

Ranar Laraba na ce ni zan je. Na hau mota na ƙetare gada biyu, na ɗauki raksha, ɗan keken nan mai ƙafa uku, har ƙofarsu. Alhaji ya karɓe ni a falo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, “'Yata, ni ba na son in ambaci abin da na gani a bayan rumfar nan, maganar mata ce. Amma kin san abin da hayaƙin nan ya yi mini. Ashe duk shekarun nan a jikin katangata ake yi?”

Na ce masa ƙofar bayi haka muka same ta, rufin kuma sau biyu Malam na gyara shi da kuɗinsa. Ya ce ya ji, ramin fa? Wa ya ba ni izini?

Hajja na tsaye a bayan labule da tiren shayi. Ban gan ta ba, amma ina jin kofunan suna kaɗawa a kan tire, ƙis-ƙis, ƙis-ƙis. Kalma huɗu kawai zan faɗa, in ce matarka ce ta sa. Na san Alhaji, mutum ne mai gudun abin kunya, da a take zai buɗe aljihu ya sallame ni don kada maganar ta fita. Abin da zai biyo baya a cikin gidan kuma ban sani ba. Wataƙila su je wajen malamai a samo musu mafita, wataƙila mace mai jikoki ta kwashe kayanta.

Na ce, “Ni na haƙa, Baba. A cire kuɗin gyaransa a ba mu saura.”

Ya ce sai ya yi lissafi, kuma ba wannan makon ba. Hajja ta shigo ta ajiye shayin, ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta fita.

Da na koma na gaya wa Malam gaskiyar duka, don nauyin ya yi mini yawa.  Ya ce to ita gwiwarta ta warke, mu kuma yaranmu su sha ruwan ina? Kwana biyu ba ya mini magana sai gaisuwa. Amma bai je ya faɗa ba, wannan na shaide shi.

Alhamis ta wuce, gidan Kuku ya tafi.

Mako na gaba Malam ya kai ƙara wurin shugaban kwamitin unguwa, wani tsoho da ya yi aikin magatakarda a kotu. Aka zauna bayan la'asar a ƙofar gidansa, ni ina daga cikin zaure ina saurare. Tsohon ya karanta takardarmu gaba da baya. Ya ce ta'amin amana ce a hannun mai gida, ba kuɗinsa ba ne, ba kuma tara ba ce da zai ci mutum don ya ji haushi. Abin da ɗan haya ya ɓata da hannunsa shi ake cirewa, daidai kuɗin gyaransa. Abin da ya tsufa don kansa, irin ƙofa da rufi, na mai gida ne. Ya ce a kira magini ya kimanta a gaban kowa, in Alhaji ya ƙi, takardar nan kotu za ta karɓe ta. Sannan ya juya ga Malam ya ce, “Kai kuma, Malam, tela ne kai. Kana ba mutum riga bai gwada a gabanka ba?” Aka yi dariya, har da Alhaji.

Magini ya zo ya duba. Ya ce yashi kaɗan, rabin buhun siminti, da farar ƙasa ta bango ɗaya. Duka bai kai kuɗin haya na mako guda ba. Alhaji ya cire wannan, ya ƙirgo sauran a gaban tsohon yana gunaguni, aka rubuta aka sa hannu.

Da kuɗin muka kama ɗaki ɗaya da rumfa a can ƙarshen Alsawra, inda famfo bai kai ba. Ruwa sai mai amalanken jaki ya kawo a ganga, kullum da kuɗinsa, ranar da bai zo ba a yi ta leƙen titi. Shekara uku muka yi a haka. Tun daga nan Malam ba ya shiga gida ko ya fita sai ya zaga da mai shi lungu-lungu, har hoto yake ɗauka a waya.

Hajja kuwa sau ɗaya muka haɗu, a gidan rasuwa. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, ta tambayi yara, ta ce na rame. Maganar rami ba ta taɓa ta ba, ni ma ban taɓa ba. Wani lokaci in na tuna ina jin na yi daidai. Wani lokaci kuma, musamman in na tuna 'yata tana wanke kayan makaranta da ragowar ruwan wanke-wanke, sai in ji haushin kaina da nata duka.

To ke, da ke ce a falon nan ranar Laraba, kina jin kofunan nan a bayan labule, za ki faɗa ko za ki yi shiru?