Bakaniken da Ba Ya Hawa Babur

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara gangarowa har garuruwanmu, ina da rumfar gyaran ƙananan injuna a Ƙanƙara, bayan tashar mota. Rumfar kwano ce, buɗe ta gaba, amma ni gareji nake ce mata, kuma ba na jin daɗin wanda ya kira ta da wani suna. A Funtuwa na koyi aikin, daga nan na ɗan zauna a Kaduna, a wani babban kamfanin gyaran motoci. In ina ba da labari a gida nakan ce na yi aiki da Turawa. Ba ƙarya na yi ba, sai dai aikina wankin ƙarafa ne da kananzir a bayan gini, Turawan kuwa ta taga nake hango su.

Aiki ya yi mani yawa a lokacin. Malaman makaranta da malaman gona duk sun sayi babura. Alhazan ƙauye sun kafa injin niƙa, masu fadama sun fara raina guga sun koma injin ban-ruwa. Kowa ya iya saye, amma ba kowa ya iya riƙewa ba. Akwai wanda ya turo babur ɗinshi tun daga hanyar Faskari, yana rantsuwa an yi mashi asiri ne, alhali mai ne ya ƙare. Da gari ya waye zan tarar da injuna a jere suna jirana, masu su na zaune a gefe suna kallon hannuna. Sai na ga lalle ina bukatar ma'aikaci.

A nan zaman Kaduna ya motsa mani. Na taɓa ganin yadda kamfani ke ɗaukar mutane: a zaunar da kai gaban tebur, a yi ta yi maka tambayoyi, sannan a ce ka je za a neme ka. Na ce ni ma haka zan yi. Ba zan ɗauki mutum don ɗan'uwana ne ba, ko don wani babba ya sa baki; sai wanda ya cancanta. Na faɗi haka a majalisa, na maimaita a wurin mai shayi, har na sa aka yi shela ranar kasuwa cewa za a yi intabiyu a gareji.

Ranar na aro tebur da kujera, na sa wata kwat da na saya a gwanjo, ga shi kuwa tsakiyar bazara ne. Mutane suka cika bakin rumfa, amma yawancinsu kallo suka zo. Na farkon da ya zauna wanzami ne, wanda ya ce ai aikin ƙarfe duk ɗaya ne, in ka iya wasa aska ka iya sauran. Na biyu manomi ne mai natsuwa. Na gyara murya na tambaye shi, kamar yadda na ji ana yi, ko mene ne burinshi a rayuwa. Ya dube ni da mamaki ya ce ya cika da imani. 'Yan kallo suka amsa da amin, ni ma na amsa, na rasa tambaya ta gaba. Gumi kuwa ya riga ya jiƙa kwat ɗin har aljihu.

Can sai ga wani mutumin Sabuwa, wanda ya taɓa aiki da masu taraktar gona. Bai jira tambaya ba. Ya ɗauki kafireton wani babur da ke kan benci, ya kwance shi, ya hura, ya mayar, babur ya tashi. Ina so in ce mashi ya je za a neme shi, amma na ji tsoron kada ya tafi da gaske. Nan take na ɗauke shi.

Mutumin ya iya aiki, ba ya surutu, ba ya makara. Ni ne nake surutun a madadinshi. Duk wanda ya kawo gyara sai na nuna mashi shi, in ce ka ga wannan, ni na zaɓo shi daga cikin taro, irin shi sai Kaduna. Ana nan sai motar wani kamfani mai aikin titi ta tsaya a bakin rumfa, an kawo ƙaramin janareto. Shugaban leburorinsu ya zauna a bencina yana jira, ni kuma na samu sabon kunne. Na zayyana mashi komai: yadda mutumina ke gane ciwon inji daga ƙara, yadda bai taɓa ɓatar da noti ba, yadda ya san manyan injuna ma. Baƙon ya yi ta gyaɗa kai, yana ƙara tambaya, ina ƙara bayani. Na ji daɗin samun mai fahimta.

Ba a yi sati ba mutumin Sabuwa ya zo da yamma ya durƙusa, ya ce kamfani sun ba shi aiki, har da ɗaki da takalmi. Ya yi mani godiya sosai, ya ce shugaban ya gaya mashi shaidar da na bayar ce ta sa ba su ma gwada shi ba. Na yi mashi fatan alheri da bakin da ya jawo mani.

Na koma ni kaɗai. Na nemi wani gwanin ban samu ba, domin a lokacin duk mai iya riƙe sifana ya hau mota ya yi Kaduna ko Kano ko Ikko. Labari ya kai wa Inna, mahaifiyata, cewa ɗanta na kwana da ciwon baya. Ta aiko a kira ni. Na tarar da ƙaninta zaune a tsakar gida, Kawu, wanda ya daɗe yana dillancin shanu a kasuwannin Faskari da Mairuwa har ƙafa ta fara ba shi wahala. Inna ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ga Kawunka nan, gobe zai fara zuwa ya kama maka. Na buɗe baki zan yi maganar cancanta, ta dube ni, na rufe.

Kawu bai san sifana ba, bai kuma ga dalilin saninta ba. Abin da ya ɗauka a ranar farko guduma ce. In aka kawo inji, sai ya zagaya shi a hankali yana shafa bayanshi, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce wannan ya ci wuya a hannun mai shi. Sannan ya ƙwanƙwasa. Ni kuma ba ni da bakin hana shi. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ina ƙarami, ta yaya zan ce mashi miƙo mani filaya? In ina son abu sai in tashi in ɗauko da kaina. Shi kuwa ba ya jin nauyin aikena. Da hantsi zai ce, ɗan nan, duba mana mai fura. Sai in ajiye aikin mutane in tafi, ni mai gareji.

Abin ya zo ƙarshe ne kan injin niƙan wata Hajiya daga Pauwa. Na je sallar azahar na bar shi a kwance, na dawo na tarar Kawu ya ga wani ƙarfe ya ƙi fita, ya taimaka mashi da guduma, murfin ya tsage gida biyu. Hajiya ta zo da kanta. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye ni ko haka Turawan suka koya mani. Kawu na gefe yana ba ta haƙuri a madadina, yana cewa yaro ne, zai gyaru. Sai da na je har Funtuwa na nemo wani murfin.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Korar Kawu ba ta yiwuwa, barin guduma a hannunshi ma ba ya yiwuwa. Da na iso sai na sa kafinta ya yi kujera mai hannu, na ajiye a inuwa, na sami Kawu na ce:

"Kawu, a kamfani, babban mutum ba ya taɓa ƙarfe. Manaja ake ce mashi. Zama yake yi yana duba kowa."

"Har kai?"

"Har ni."

Ya ajiye gudumar, ya hau kujera, ya gyara hula. Na yi murna da dabarata. Abin da ban hango ba shi ne Kawu zai ɗauki muƙamin da gaske.

Bayan 'yan kwanaki wani mutumin 'Yargoje ya zo neman aiki. Magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya, yana liƙin tayar keke da gyaran fitila a ƙauyensu. Na ba shi filogi na ce mene ne wannan. Ya juya shi, ya ce bai sani ba, amma yana da kyau. Na riga na yanke hukunci a raina, sai Kawu ya ce ɗaukar ma'aikata aikin manaja ne. Ya tambayi mutumin ɗan wane ne, ya gano ya taɓa sayar wa kakanshi bijimi. Sannan ya ce:

"Ka taɓa zuwa Kaduna?"

"Baba, ni ko Funtuwa ban sani ba. In na shiga mota jiri ke ɗibata, in yi ta amai har sai an sauke ni. Babur ma haka. Yau ɗin nan da ƙafa na taho."

Kawu ya juyo ya dube ni, fuskarshi cike da annuri, irin ta ranar da ciniki ya faɗa. Ya ce wannan shi ne namu, ko kamfani sun zo da takalmin zinariya ba inda za shi. Na so in yi gardama, amma na tuna wanda ya naɗa manajan.

Haka mutumin 'Yargoje ya zama ma'aikacina. Ba shi da saurin ganewa. Abin da na nuna mashi da safe sai na sake nunawa da la'asar, kuma in ya kwance inji yakan jera ƙarafan a ƙasa ya zauna yana kallonsu kamar mai jiran su yi magana. Amma ba ya fushi, ba ya gajiya, kullum yana nan. Ya kama ɗaki a gari, ranar Juma'a ya taka zuwa gida. Sannu a hankali ya iya wanke kafireto, ya iya canza filogi, ya fara taɓa birki da kuloci.

Matsala ɗaya ce. Duk babur ɗin da aka gyara sai an hau an zagaya an ji lafiyarshi kafin a ba mai shi, shi kuwa ba ya hawa. Saboda haka gwajin duk aikinshi ya dawo kaina. Da farko ban damu ba, don ina son a gan ni a kan babur. Nakan karkata hula, in bi ta gaban masu shayi, in ɗaga hannu ɗaya.

Wata ranar kasuwa ya gama gyaran birkin babur ɗin wani malamin makaranta, ya ce, Maigida, an gama. Na hau, na bi ta cikin jama'a a hankali, da na fita fili na murɗa mai. Hanyar tana gangarawa zuwa wani kududdufi inda magina ke kwaɓa ƙasa. Da na kusa isa na taka birki, sai na ji ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Na sake takawa. Na damƙi na hannu, ashe shi dama malamin ya daɗe da rabuwa da shi. Na tuna na yi salati, na kuma tuna wani jaki ya kauce mani cikin natsuwa. Daga nan sai laka.

Ban ji ciwo ba, laka ce mai taushi, magina sun kwaɓa ta da kyau. Su suka zaro ni, suka zaro babur, hular ce dai ba a gani ba. Kafin in share idanuna rabin kasuwa ta iso. Ina tsaye ana ta yi mani sannu, wasu na juya baya kafaɗunsu na rawa, sai ga ma'aikacina ya iso da ƙafa, ba ya ko haki. Ya duba ni sama da ƙasa, ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan noti.

"Maigida, ina jin wannan na wurin ne. Na gan shi bayan ka tashi."

Na karɓa. Ban san abin da zan yi da shi ba, sai na ce mashi na gode.

Da muka koma rumfa Kawu ya zauna shari'a a kujerarshi. Ya saurari kowa, sannan ya yanke cewa laifin mahayi ne, domin ko doki za ka hau sai ka duba linzami. Malamin makaranta ya yarda da hukuncin. Ni kuma na wanke babur ɗin, na ɗaura notin da hannuna. Tun daga ranar, kafin in hau kowane babur sai na tura shi da ƙafa na taka birki a gaban kowa. Mutanen gari suka ɗauka wata ƙa'ida ce ta kamfani, ban kuwa gyara masu fahimta ba.

Mun yi shekaru tare. Bai zama gwanin da za a yi labari ba, amma ya zama bakanike na sosai, wanda za ka bar wa injinka ka tafi gona hankali kwance. Kawu ya riƙe kujerarshi har ƙarfinshi ya ƙare, kuma in an faɗi gaskiya, hirarshi ta sa masu jira ba sa ƙosawa. Da injuna suka yawaita a 'Yargoje, mutanen can suka roƙi ɗansu ya dawo gida ya buɗe tashi rumfar. Na ce to, sai a yi bikin yaye shi yadda ya kamata.

Aka dafa shinkafa, aka sayo lemo, makanikan gari da masu babura suka taru a bakin rumfa. Na shirya jawabi tun kwanaki, kan muhimmancin zaɓen ma'aikaci da idon basira da ake bukata wajen gane mai hazaƙa. Liman ya yi addu'a, aka shafa, na miƙe na gyara riga. Na kai ga cewa jama'a, kamar yadda kuka sani, sai aka shigo da farantan abinci ta bayana. Kowa ya juya. Na ɗan tsaya ko za a waiwayo, na ga har wanda ake yayewa ya naɗe hannun riga. Sai na nemi wuri kusa da shi na zauna, ya matso mani da nama gabana.